Kafin Ku Zuba Kala, Ku San Zaren

Ƙannena 'yan mata da samarin Manchok, da na Kaura da Kagoro har zuwa Kafanchan, maganata ta yau a kan rini ce, amma ba rinin karofi ba. Wani yayi ne da waya ta kawo mana: a ɗauki garin lemon nan na leda da ake kaɗa wa yara, ko alewa mai kala, a narka a ruwan zafi, a tsoma farin zare, ya fito ja ko ruwan goro ko shuɗi. Wasunku sun gani sun yi tsaki, sun ce haɗin hoto ne. Wasu kuma sun gwada da ulun da suka saya a kasuwa, da suka ɗauraye sai kalar ta bi ruwa, zaren ya koma fari fat, su ma suka ce ƙarya ce.

Ba ƙarya ba ce. Abin yana yi, yana ma yi da kyau. Sai dai akwai sharaɗi guda da masu nuna shi ba su cika tsayawa a kai ba, domin a ƙasashensu ba ya bukatar dogon bayani. A wajenmu kuwa shi ne maganar gaba ɗaya. Kalar abinci ba ta kama kowane zare. Tana kama zaren da ya fito daga jikin dabba, wato gashin tunkiya da siliki da makamantansu, sai kuma nailan. Auduga ba ta riƙe ta, sauran zaren roba ma haka.

To, abin da muke kira ulu a nan, wanda iyayenmu mata suke saƙa wa jarirai hula da safa da rigar sanyi da shi idan hunturu ya gangaro daga tudun Jos, wanda kuma 'yan mata ke kitso da shi, kusan dukkansa bai taɓa raɓar tunkiya ba. Akirilik ne, zaren da masana'anta ke yi daga sinadaran man fetur. Yana da laushi, yana da ɗumi, ido ba ya bambance shi da na gaske, shi ya sa muke yi wa rogo kallon kitse. Ban ce ku raina shi ba. Yana da araha, yana jure wanki, asu ba ya cin sa, kuma uwar da ke wanke kayan jariri kullum ta fi kowa sanin amfaninsa. Amma da kalarsa yake zuwa daga masana'anta, da wani rukunin rini daban aka yi masa ita. Ko katan guda na garin lemo kuka juye masa ba zai saurare ku ba.

Ku bar ni in faɗa muku dalili, don wanda ya san dalili ba ya bukatar haddace ƙa'ida. Gashin tunkiya furotin ne, irin na gashin kanku da farcenku. Idan ya shiga ruwa mai tsami, wasu gurabe a jikinsa sukan ɗauki cajin lantarki mai alamar tarawa. Ƙwayoyin kalar abinci kuwa, idan sun narke, cajinsu mai alamar ɗebewa ne. Ɗan sakandare ya san abin da ke faruwa idan waɗannan biyu suka haɗu: jan juna suke yi. Zafi kuma shi ke sa gashin ya kumbura, kalar ta samu hanyar kutsawa can ciki maimakon ta tsaya a baya. Abu uku ke nan, tsami da zafi da furotin, in babu ɗaya babu rini. Auduga ba furotin ba ce, jikin tsiro ce, ba ta da waɗannan gurabe. Shi ya sa lemon da ya zube wa yaro a farar singileti yakan ɓata ta, amma wanki biyu ko uku sai ya dusashe. Wannan tabo ne, ba rini ba.

Me ya sa gashin tunkiya ya zama baƙo a kasuwarmu alhali ga tumaki ko'ina? Domin tumakinmu, 'Yankasa da Uda da Balami, gajeren gashi ne da su mai kaushi, ba irin wanda ake aske shi a kaɗa zare ba. A Afirka ta Yamma sai an je yankin Masina a ƙasar Mali ake samun tumaki masu ulu na sosai, inda masaƙan Fulani suka daɗe suna saƙa barguna masu kauri da shi. Mu ƙasar auduga ce. Wanda duk zai yi wannan rini a Manchok, aikinsa na farko shi ne neman zaren, ba neman kala ba.

Wurin nema mafi sauƙi shi ne wajen 'yan gwanjo. A cikin tulin rigunan sanyin da ake bajewa a kasuwar Kafanchan, ko a Katako idan hanya ta kai ku Jos ta Ganawuri, akwai na ulu tsantsa da suka zo daga ƙasashen sanyi, kuma sau da yawa mai sayarwa kuɗi ɗaya yake yi musu da na roba. Ku nemi fara ko mai ruwan madara. Ku duba 'yar takardar da ke wuya ko a gefen ciki, kalmar da ake nema ita ce "wool", in ta zo da 100% a gabanta to an dace. Sannan ku juya rigar ku dubi ɗinkin gefe. Idan kowane ɓangare an saƙa shi daban ne aka haɗa, zai warware ya ba ku dogon zare. Idan kuwa yanka aka yi aka bi bakin da keken dajiya, guntaye kawai za ku samu, ku ajiye ta ku wuce.

Takarda takan ɓace, takan kuma yi ƙarya, don haka sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku tsinki zare kamar tsawon yatsa, ku riƙe da abin da ba hannu ba, ku kusanta shi da ashana a waje, nesa da yara. Ulu na gaske ba ya son ci da wuta, yakan ƙudundune ya mutu da kansa, warinsa kuma sak na babbakar kan akuya, in kun murza abin da ya rage sai ya zama gari. Akirilik yakan kama da sauri, ya narke, ya yi baƙin hayaƙi, ya bar dunƙule mai tauri. Ku kula, narkakkensa yana manne wa fata. Auduga kuwa ci take yi sarai ta bar toka mai laushi. Wanda ba ya son wasa da wuta ya jefa guntun zaren a cikin ruwan bilic na wanki ya bar shi ya kwana. Ulu zai narke ya ɓace, roba za ta wayi gari yadda take.

Idan zare ya samu, sauran aikin haƙuri ne kawai. Ku naɗe shi a bayan kujera ya zama babban zobe, ku ɗaure wuri huɗu sako-sako don kada ya harɗe, ku wanke a hankali, sannan ku jiƙa shi kamar minti 30 a ruwa mai ɗumi. Busasshen zare ba ya shan kala daidai, sai ya fito dabbare-dabbare. A tukunya kuma, ta samira wadda fentinta bai ɓantare ba ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa, ku zuba ruwan da zai rufe zaren, ku narka kalar sarai, ku sa tsami. Ga zare giram 100, ƙaramin cokali ɗaya na ɗan tsami ya isa, ko babban cokali uku na ruwan khal. Lemun tsami ma yana yi, in an tace shi. Ku sa zaren tun ruwan bai yi zafi ba, ku ɗora a wuta kaɗan-kaɗan har ya fara tururi yana shirin tafasa, ku tsayar da shi a nan kamar minti 20 zuwa 30.

A nan ne hannun da ya saba da girki yake ɓata aiki. Kada ku juya, kada ku bari ya tafasa yana ɓulɓula. Jikin kowane silin ulu akwai ƙananan ɓawo da ido ba ya gani. Idan zafi da motsi suka haɗu, sai su sarƙe da juna, zaren ya cure ya zama dunƙule, kuma babu mai warware shi har abada. Haka idan kun tsamo shi daga ruwan zafi kuka jefa a na sanyi. Ku sauke tukunyar, ku bar shi ya huce a ciki ko da zai kai gobe, ku ɗauraye da ruwan da ɗuminsa ya yi daidai da nasa, ku matse ba tare da murɗawa ba, ku shanya a inuwa.

Alamar an yi nasara ita ce abin da ya fi burge ni a aikin nan. Ruwan da kuka zuba ja wur zai koma garau, ko ya yi fari-fari, domin kalar ta bar ruwa ta koma cikin zare. In har ruwan yana da kala bayan rabin awa, ko dai tsami bai isa ba, ko kalar ta fi ƙarfin zaren, ko kuma zaren gauraye ne da roba. Ja yakan riga shuɗi kamawa, don haka idan kun haɗa su don neman ruwan makuba, kada ku firgita in kun ga zaren ya yi ja ruwan ya rage shuɗi. Ku ƙara ɗan tsami kaɗan, ku ba shi lokaci.

Yanzu ga maganar kuɗi, wadda a ganina ta fi ta kala muhimmanci. Garin da Turawa ke yin wannan rini da shi sunansa Kool-Aid. Wani Ba'amurke mai suna Edwin Perkins ne ya ƙirƙiro shi a 1927 a garin Hastings na jihar Nebraska, bayan kwalaben lemon da yake aikawa sun dame shi da nauyi da fashewa, sai ya cire ruwan ya bar gari. Irin wanda suke rini da shi ba shi da sukari. Tsami ne da kala da ƙamshi kawai a 'yar leda, mai sha shi ke zuba sukarinsa. Ke nan an haɗa musu rini da tsaminsa a wuri ɗaya, kuma a kasuwarsu abu ne mai arahar gaske. Da yawa daga cikin na kantunanmu kuwa da zaƙinsu suke zuwa, kalar cikinsu kaɗan ce. Za ku sayi leda da yawa kafin ku sami launi mai ƙarfi, kuma rabin kuɗinku zaƙi kuka saya wanda zare ba ya bukata.

Alewa ta fi muni. Irin wadda ake nunawa a waya, kalar tana bisa ɓawonta ne kawai. Sai an jiƙa, an tsame farin cikin, an tace, an ƙara tsami, sannan a sami ruwa mai danƙo da zai ba da launi fayau, in kuma ba a ɗauraye da kyau ba kiyashi su yi biki a kan igiyar shanya. Idan malamar firamare tana son nuna wa ɗalibanta yadda kala ke barin ruwa ta shiga zare, to alewa ta yi, yara ba za su manta ba. Amma mai neman sana'a ya nufi shagon masu kayan kek ya sayi kalar kek ta gari ko ta ruwa. Jinsin sinadarin ɗaya ne da na cikin lemon, ba sukari, kuma ɗan kaɗan yana rina zare mai yawa.

Da na ambaci ɗan tsami, dole in ja kunnenku. A watan Maris na 2021 a Kano, an kwantar da ɗaruruwan mutane a asibiti, wasu suka rasu, bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin da ya lalace da kuma wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami alhali ba shi ba ne. Farin gari duk kama ɗaya yake yi a cikin ƙullin leda. Ku sayi mai suna da lambar NAFDAC da kwanan wata a jikinsa, ko ku tsaya ga ruwan khal da lemun tsami. Tukunyar rini kuma ku ware ta tun yau, domin wanda ya fara da kalar kek gobe zai kai ga rinin kanti, shi kuwa wannan ba ya haɗa hanya da abinci.

Akwai kuma tunanin da zai zo wa duk wanda ya ga garin lemo ya rina zare bai fita ba: ashe wannan muke ɗura wa yara? Kada a wuce gona da iri, an halatta waɗannan kaloli a abinci bisa ƙayyadadden awo. Amma ku koyi karanta bayan leda. E102 shi ne tatrazin mai ruwan ɗorawa, E110 ruwan goro, E129 ja, E133 shuɗi. A 2007 masu bincike a Jami'ar Southampton ta Ingila suka wallafa sakamakon da ya danganta wasu gaurayen kaloli da ƙaruwar rashin natsuwa a wajen yara, kuma tun 2010 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin abincin da ke ɗauke da kaloli shida, ciki har da ukun farko da na lissafa. A Janairun 2025 Amurka ta soke izinin wata jar kala, E127, a abinci. Ni dai a nawa ra'ayin, zoɓon da aka dafa da citta tamu ta kudancin Kaduna ba ya bukatar a ƙara masa jan gari.

Wani zai ce, to mu da muke da auduga fa? Nan ne ya kamata ku ɗaga kai ku dubi abin da ke gida. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, har yau ana tsoma zane a cikinta, da baba da toka da kanwa. Lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, saƙa da rini ne ya gani a matsayin ƙashin bayan arzikin birnin, kuma turkuɗin Kura ya daɗe yana ratsa hamada zuwa wajen Buzaye. Ku lura da bambancin: ruwan karofi na toka ne da kanwa, kishiyar tsami. Auduga tana jure wannan, ulu kuwa ba ya so. Sodar nan mai ƙuna da masu rinin shadda na zamani ke amfani da ita, in ta taɓa ulu cinye shi take yi. Wanda ya ɗauki dabarar wani zare ya kai wa wani, ya yi asarar zare da kala duka. In rinin auduga kuke so, ku je ku zauna wajen mai yin sa ku koya, ku sayi safar hannu ta roba kafin komai.

Itatuwa da tsirranmu kuma suna da nasu. Ɓawon albasa da ake zubarwa a bakin kasuwa yana ba ulu rawaya mai kyau, musamman in an fara dafa zaren da alif, kamar giram 10 ga zare giram 100. Karan dafi shi ne jan da dukawa suka daɗe suna rina fata da shi. Bagaruwa in ta haɗu da ruwan tsatsar ƙarfe tana ba da toka-toka zuwa baƙi. Gangamau, wato kurkur, yana kama ulu da auduga nan take, launinsa kamar ya yi magana, amma rana tana korar sa da wuri, sabulu kuma yana juya shi ja-ja. Zoɓo shi ya fi kowa yaudara: a tukunya ja ne mai ɗaukar ido, bayan wanki sai ya koma wani launi marar suna.

Wannan ya kawo ni ga wani yaro sa'anku. A 1856, William Henry Perkin yana ɗan shekara 18, ɗalibi a Landan, yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, a ɗan ɗakin gwajinsa na gida. Bai samu ba. Wani baƙin dagwalo ya samu a gindin kwalba, da ya narka shi sai ya ga ruwan makuba. Daga nan rinin masana'anta ya samo asali, har da kalolin da ke cikin lemon da muke magana. Ana yawan ba da labarin a matsayin sa'a. Ni abin da ya biyo baya nake so ku gani. Ya rina siliki, ya gwada ko zai jure wanki da haske, ya aika wa wani kamfanin rini a garin Perth na Sukotilan don masu sana'ar su faɗi ra'ayinsu, sannan ya yi rajistar abinsa, shekara ta zagayo ya kafa masana'anta. Launi mai kyau kowa yana iya tuntuɓe da shi. Tambayar da mai saye zai yi ita ce ta kullum: yana zuba?

Don haka kafin ku saƙa wa kowa hular Kirsimeti ko ta zuwa bikin Afan a Kagoro ku karɓi kuɗinsa, ku yi wannan. Ku sami littafi, ku rubuta nauyin zaren da yawan kala da tsami da daɗewarsa a wuta, ku manna guntun zaren a gefe, domin ranar da wata ta ce irin na ƙawarta take so, ƙwaƙwalwa ba za ta dawo muku da awon ba. Ku yanki guntaye uku daga kowane rini. Ɗaya ku wanke shi tare da farin ƙyalle ku ga ko ya shafa masa. Ɗaya ku naɗa a jikin kwali, ku rufe rabinsa, ku ajiye a taga inda rana ke bugawa har mako biyu. Na ukun ku ɓoye a littafin don kwatance. Kalar abinci in ta kama ulu sosai ba ta cika zuba a wanki ba, amma a gaban rana ba ta kai rinin masana'anta ƙarko ba, wasu launukan ma sun fi wasu saurin koɗewa. Wanda ya koɗe a taga, ku bar shi ga kayan cikin ɗaki. Wanda ya tsaya, ku saƙa ku sayar, amma ku gaya wa mai saye tun kafin ta biya: ruwan sanyi, sabulu mai laushi, ba dirza, ba bilic, shanya a inuwa. Idan ta ce ita ba ta da lokacin wannan lallaɓawar, ku saƙa mata da akirilik.